Adana Bayanai a Zamanin da Na'urori Ke Saurin Tsufa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya nazarci tarihin rubutu a ƙasar Hausa ya san cewa waƙoƙin da malaman jihadi suka rubuta da ajami a ƙarni na 19 har yanzu ana karanta su. Nana Asma'u ta rasu a shekarar 1864, amma wanda ya sami takardun waƙoƙinta a Sakkwato ba ya buƙatar komai in ban da ido da haske da sanin baƙaƙen ajami. Kundin binciken da aka buga a kwamfuta a shekarar 1998 aka ajiye shi a faifan fulofi kuwa, a yau da wuya a sami inda za a buɗe shi, alhali ko shekara 30 bai yi ba. Faifan yana nan, mai yiwuwa ma abin da ke cikinsa lafiya lau yake, sai dai kwamfutocin da ake sayarwa yanzu ba su da kafar da za a zura shi.

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda bayanai ke kuɓucewa masu su saboda tsufan abin da aka ajiye su a ciki da kuma na'urar da ke karanta su. Batun ya shafi malamin Hausa kai tsaye, domin babban kaso na abin da yake koyarwa, musamman adabin baka, a kaset da faifai da wayar hannu yake zaune.

2.0 Abubuwa Uku da Bayani Ya Dogara a Kansu

Rubutun takarda yana magana da mutum ba tare da ɗan aike ba. Bayanin da aka ajiye a na'ura kuwa sai ya bi ta hannun 'yan aike uku kafin ya isa ga ido ko kunne. Na farko shi ne mazubi, wato abin da aka zuba bayanin a ciki, kamar kaset ko faifai ko filash ko katin memori. Na biyu ita ce na'urar da ke iya karanta wannan mazubi. Na uku ita ce manhajar da ta san yadda za ta fassara abin da na'urar ta karanto. Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba haruffa ko hotuna take ajiyewa ba, jerin lambobi ne na sifili da ɗaya, kuma kowace manhaja tana da nata tsarin jera su. Idan aka rasa manhajar da ta san tsarin, lambobin za su zama tamkar wasiƙar da aka rubuta da harshen da masu jin sa suka ƙare.

Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, bayanin ya tafi, ko da sauran biyun suna nan daram. Yawancin mutane mazubi kawai suke kulawa da shi. Sukan naɗe faifai a ƙyalle su jefa a akwati, su ɗauka sun gama ajiya. A haƙiƙa kuwa, sau da yawa na'ura da manhaja su ke rigan mazubi mutuwa.

3.0 Yadda Mazubai da Na'urori Suka Riƙa Shuɗewa

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da faifan fulofi a shekarar 1971, mai faɗin inci 8. Daga baya aka yi mai inci 5.25, sannan mai inci 3.5 wanda ya mamaye ofisoshi da shagunan buga takardu a shekarun 1990, wanda bai ɗaukar abin da ya wuce megabayit 1.44. Hoto ɗaya na wayar zamani ya fi ƙarfinsa. Kamfanin Sony ya daina ƙera shi a 2011. Duk da haka wasu hukumomi sun daɗe suna manne da shi, domin sai a 2024 ne gwamnatin Japan ta gama soke ƙa'idoji fiye da 1,000 da suka wajabta miƙa mata takardu a irin wannan faifai.

Kaset ɗin murya kamfanin Philips ne ya ƙirƙiro shi a 1963. Kaset ɗin bidiyo samfurin VHS ya fito a 1976, ya yi gogayya da Betamax na Sony har ya kayar da shi, kuma kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallonsa, wato Funai na Japan, ya tsayar da aikin a 2016. Faifan sidi ya shigo kasuwa a 1982, aka riƙa yi masa kirarin ba ya tsufa. Kirarin bai tabbata ba. Wanda ake naɗa a gida ko a shago, bayaninsa a kan wani siririn rini yake, kuma zafi da hasken rana suna kashe rinin a hankali. Ga shi kuma yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba su da wurin sa faifai kwata-kwata.

Filash da katin memori da suka gaje su ma ba tudun-mun-tsira ba ne. Suna riƙe bayani ne ta hanyar tsare ɗan ƙaramin cajin lantarki a cikin ɗakuna ƙanana, cajin kuwa yana tsiyayewa idan aka yi shekaru ba a jona su da wuta ba, musamman a wuri mai zafi. Abin lura a nan shi ne, kowane sabon mazubi ya fi na bayansa ɗaukar kaya, amma ba lallai ya fi shi tsawon rai ba. Kamfanonin da ke ƙera su kasuwa suke bi, kuma da zarar masu saye sun koma wani abu, sai a rufe masana'anta, kayan gyara su yanke, masu gyaran su tsufa ko su sake sana'a.

4.0 Darasi daga Ingila da Amurka

Misalin da masana adana bayanai suka fi kafa hujja da shi a Ingila ya faru. A shekarar 1086, Sarki Wiliyam na Ɗaya ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyoyin ƙasarsa, aka rubuta sakamakon da Latinanci a kan fatar dabba. Littafin, wanda ake kira Domesday, yana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a birnin Landan, kuma duk wanda ya iya karatun Latinancin wancan zamani zai karanta shi. Da littafin ya cika shekara 900, a 1986, sai gidan rediyo da talabijin na BBC ya shirya irinsa na zamani. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka sa hannu, yawancinsu 'yan makaranta, suka rubuta labarin unguwanninsu da ƙauyukansu, aka haɗa da hotuna da taswirori da bidiyo. An zuba wannan gagarumin aiki a manyan faya-fayai guda biyu waɗanda ake karantawa da hasken leza, kuma ba sa buɗuwa sai da wata kwamfuta ta musamman da aka haɗa da na'urar kamfanin Philips.

Na'urar ta yi tsada, ba a saye ta da yawa ba, aka daina yin ta. Kafin a yi shekara 16, waɗanda suka rage suna aiki ba su taka kara sun karya ba. Sai a 2002 ne masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka rubuta wata manhaja da ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar, aka samu aka sake ganin abin da ke ciki. A 2011 BBC ta sa wani ɓangare na aikin a intanet. Ke nan fatar da ta haura shekara 900 ba ta taɓa neman ceto irin wanda faifan da bai kai shekara 20 ba ya nema.

A Amurka ma an ga haka. Tsakanin 1966 da 1967 hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ta aika kumbuna biyar suka ɗauko hotunan wata, aka naɗi saƙonninsu a zaren maganaɗisu. Zaren ya tsira, amma na'urorin Ampex da ke karanta shi sun zama tarkace. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyar hukumar ta kwashe wasu daga cikin na'urorin ta ajiye a gidanta shekara da shekaru. A 2008 aka farfaɗo da su da taimakon tsofaffin injiniyoyi, aka fitar da hotuna waɗanda suka fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Asalin zaren da aka naɗi saukar ɗan'adam a duniyar wata a 1969 kuwa bai yi wannan sa'a ba. Bayan dogon bincike, hukumar ta bayyana a 2009 cewa bisa dukkan alamu an goge shi an sake naɗar wani abu a kai. Wannan ɗabi'a ta goge tsohon shiri don a sami wurin sabo ta zama ruwan dare a gidajen rediyo da talabijin na ƙasashe da dama a lokacin da zare ke da tsada.

5.0 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

Akwai wani nau'in wannan matsala da ya keɓanta da rubutun Hausa, kuma kusan kowane ɗalibi ya taɓa cin karo da shi ko da bai san sunansa ba. Lokacin da kwamfuta ta shigo, allon bugunta ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da samfuran haruffa guda biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka share wa marubuta da maɗaba'u hawaye. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce a ari gurbin wasu alamomi da Hausa ba ta cika amfani da su ba, a zana haruffa masu lanƙwasa a wurinsu. Mai bugu zai danna alamar baka, ƙ ta fito a allo. Wasu samfuran kuma gurbin q da x da v suka ara.

Sai dai kwamfutar ba ta san an yi wannan aro ba. A cikinta alamar baka ta ajiye, samfurin ne kawai ke lulluɓe ta da rigar ƙ. Saboda haka da zarar an buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da samfurin, ko aka kwafe shi zuwa intanet, sai rigar ta faɗi. Daga nan ne ake ganin }asa a maimakon ƙasa, da ]aya a maimakon ɗaya, da ~arawo a maimakon ɓarawo, ko kuma qasa da xaya da varawo. Mutum zai iya lallaɓawa ya karanta, amma na'urar bincike ba za ta gane cewa }asa da ƙasa kalma ɗaya ce ba, don haka mai neman kalmar ba zai same ta ba. Kundaye da maƙalu da littattafai masu ɗimbin yawa na wancan lokaci a haka suke zaune.

Maganin wannan shi ne tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta kansa. A ƙarƙashinsa ƙ tana da lambarta daban da k, kuma kowace kwamfuta ko waya ta zamani ta san ta. Juya tsohon rubutu zuwa wannan tsari ba shi da wuya, ana yin sa ne da umarnin nema da musanyawa, harafi bayan harafi, manya da ƙanana. Sai dai a yi hattara da rubutun da ke ɗauke da sunayen Turawa ko kalmomin Ingilishi, domin musanya kowace v da ɓ zai ɓata su.

6.0 Kaset da Makomar Adabin Baka

Inda asara ta fi barazana shi ne fannin murya da hoto. Muryoyin makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ta faifan garmaho da zaren rikoda da kaset suka iso ga na baya. Haka tafsirin malamai da wa'azinsu, da wasannin kwaikwayo na rediyo, da hirarrakin da manazarta suka yi da dattawa a kan tarihin garuruwa da sana'o'i. Cibiyoyi kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da cibiyar CELHTO ta Yamai wadda ta faro a 1968 don tattara tarihin baka, duk an kafa su ne da nufin tsare irin wannan gado. Finafinan Hausa na bidiyo ma, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, a kaset ɗin VHS suka yi shekarunsu na farko.

Waƙar da ta shahara ba abin tsoro ba ce sosai, domin tana hannun dubban mutane, an kuma juye ta zuwa waya. Abin tsoro shi ne naɗin da kwafinsa ɗaya ne tak a duniya, kamar tatsuniyoyin da wata ɗaliba ta naɗa daga bakin kakarta, ko kirarin mafarauta da aka ɗauka a wani ƙauye lokacin bikin da yanzu an daina yi. Irin wannan idan ya lalace babu inda za a sake samo shi, tunda mai maganar ya riga mu gidan gaskiya.

Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu, aka riƙe garin da wani irin danƙo. Danƙon yana shan laima, kuma idan ya sha sai zaren ya riƙa mannewa, garin yana kankaruwa yana maƙalewa a kan na'ura. Zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu duk abokan gabarsa ne, ga fumfuna da kan kama zaren da aka ajiye a ɗaki mai danshi. Ƙwararru kan gasa irin wannan zare a tanda ta musamman da zafin da bai wuce digiri 50 zuwa 55 ba, na tsawon sa'o'i, domin ya bushe a samu a juye shi sau ɗaya. Wannan ba aikin da za a gwada a murhun gida ba ne.

Duk da haka masana sun fi damuwa da ƙarewar na'urori a kan lalacewar zaren. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti da hoto ta duniya, IASA, suka yi shelar gargaɗi cewa kayan gyaran na'urorin kaset suna gab da yankewa, suka ambaci shekarar 2025 a matsayin lokacin da juye irin waɗannan naɗe-naɗe zai fara gagara. Shekarar ta zo, kuma duk wanda ya nemi mai gyaran rikoda a kasuwa a 'yan shekarun nan ya san gargaɗin ba zuzutawa ba ne.

7.0 Hanyoyin Tsare Bayani

Hanya ta farko kuma mafi muhimmanci ita ce yi wa bayani ƙaura, wato a riƙa kwashe shi daga tsohon mazubi zuwa sabo tun tsohon yana buɗuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Yawancin rubuce-rubucen ajami da suka iso wannan zamani ba da hannun mawallafansu aka rubuta takardun da ake gani ba. Almajirai ne suka riƙa kwafa daga na malamansu, in takarda ta tsufa ko gara ta taɓa ta a sake sabuwa. Bambancin kawai shi ne takarda takan ba da wa'adin shekaru masu yawa, kuma lalacewarta a fili take, ana ganin gefenta yana zubewa. Faifai kuwa ba ya nuna alama. Jiya ya buɗe, yau ya ƙi. Saboda haka ma'ajiyoyi kan sa wa kansu ƙa'idar duba abin da suka ajiye a kai a kai, su sake masa mazubi bayan 'yan shekaru ko da bai nuna gajiya ba. Kwafin lambobi yana da wata falala da kwafin kaset ba shi da ita: kaset in aka juye daga wani zuwa wani murya tana raguwa, amma fayil na ɗari daidai yake da na farko muddin an kwafa lafiya.

Hanya ta biyu ita ce kwaikwayon tsohuwar na'ura, irin wanda aka yi wa aikin BBC. Tana da amfani ga abin da ba ya rabuwa da manhajarsa, amma aikin ƙwararru ne. Akwai kuma masu ajiye tsofaffin na'urorin kansu suna lallaɓa su, wanda jinkirta matsala ne kawai, ko da yake jinkirin kan yi rana kamar yadda aka gani a hotunan wata.

Zaɓen tsarin fayil shi ma yana da tasiri. Tsarin da kamfani ɗaya ya mallaka yana iya mutuwa tare da kamfanin, kamar yadda rubutun da aka yi da manhajar WordStar, wadda ta yi tashe a farkon shekarun 1980, yake wahalar buɗuwa a yau. Tsarin da aka bayyana ƙa'idojinsa ga kowa ya fi aminci. Don haka ake son a ajiye rubutu a tsarin PDF/A, wanda aka amince da shi a matsayin ma'aunin duniya a 2005 kuma yake ƙunshe da samfurin haruffansa a cikinsa, a ajiye murya a tsarin WAV, hoto kuma a TIFF. Tsarin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sauti don fayil ya ƙanƙance, saboda haka ya dace da rabawa, bai dace da zama uwar ajiya ba. Hoto ko bidiyon da aka tura ta WhatsApp shi ma an matse shi, ba daidai yake da na asali ba.

Game da yawan kwafi, ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce a yi uku, a mazubai iri biyu, ɗaya kuma a ajiye shi a wani wuri daban, domin gobara ko ambaliya ko ɓarawo ba sa zaɓe. Ajiya a intanet tana iya zama ɗaya daga cikin ukun, amma ba ita kaɗai ba. Abin da ake kira ajiyar intanet kwamfutar wani kamfani ce a wata ƙasa, kuma kamfani na iya rufewa ko ya yi kuskure. Yahoo ya rufe dandalin GeoCities a 2009 da miliyoyin shafukan jama'a a ciki, sannan a 2019 MySpace ya sanar da cewa waƙoƙin da aka ɗora masa cikin shekaru fiye da 10 sun salwanta a wajen sauya na'urori. Ga rubutu mai muhimmanci kuwa, bugawa a takarda mai kyau har yanzu dabara ce, kuma shi ya sa manyan ɗakunan karatu ba su yar da maikurofim ba, tunda fitila da gilashin ƙara girma sun isa a karanta shi.

8.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Malami

Ɗalibin kwalejin ilimi yakan fita aikin gani-da-ido ya naɗo waƙoƙin niƙa da daɓe, ko ya yi hira da maƙeri ko masaƙi ko ungozoma. Yawanci a waya ake yin naɗin, a rubuta kundi, a sami maki, wayar ta faɗa ruwa ko a sayar da ita, shi ke nan. Kundin ya tsira da 'yan baitocin da aka tsakuro, muryar da karin da amshin sun tafi. Ya kamata sashen Hausa na kowace kwaleji ya karɓi naɗin tare da kundin, ya ajiye shi a ma'ajiyar sashe da ta ɗakin karatu, a kuma ɗora wa wani malami alhakin duba shi duk shekara.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa, wato bayanin da ke raka naɗin. Fayil ɗin da sunansa lamba ce kawai da waya ta ba shi, bayan shekara 10 ba wanda zai san muryar wa ce a ciki. Dole a rubuta sunan mai magana da shekarunsa da sana'arsa, da garin da aka yi naɗin da ranar da aka yi shi, da wanda ya naɗa, da karin harshen da aka yi magana da shi, da kuma ko mai maganar ya yarda a yaɗa. Ana rubuta wannan a fayil na daban da ke tafiya tare da naɗin, kuma ya fi kyau mai naɗin ya faɗe shi da bakinsa a farkon naɗin kafin a fara hira, domin ko an sauya wa fayil suna ko takarda ta ɓata, shaidar tana cikin muryar. Wanda kuma ya gaji akwatin kaset a gida, kafin ya juye su ya fara ɗaukar hoton bangon kowane kaset da abin da aka rubuta a jikinsa da biro, domin sau da yawa wannan ɗan rubutu shi kaɗai ne ke faɗin wanda ya yi waƙar da shekarar da aka yi ta.